Babi na Bakwai: Turare a Riga, Ruwa a Haɓa

Saura kwana uku a ɗaura wa ƙanena aure, abokansa suka iso Daura daga Kano da tsaraba. Wani ɗan baƙin akwati ne, a cikinsa gwangwanin sabulun aski, da buroshi mai laushi, da kwalbar ruwan da ake shafawa bayan an gama. A zaure aka buɗe shi, amma sai da ƙamshin ya kai madafa. Inna ta aiko yaro ya tambaya ko wani ne ya fasa kwalbar turare.

Washegari Alhamis da hantsi wanzamin gidanmu ya zo. Shi ya yi mana askin suna mu duka, shi ya yi mana kaciya, kuma har yau in ya kira babban cikinmu da yaro babu mai ɗaga ido. Ya zauna kan tabarma, ya buɗe zabira, ya ɓare sabuwar reza daga takardarta a gaban kowa, kamar yadda ya saba tun da aka fara wayar da kai game da cututtukan da ake ɗauka ta jini. Ya jawo ƙoƙon ruwa zai jiƙa gemun ango, sai ango ya miƙa masa gwangwani.

"Baba, yau da wannan za a yi."

Tsohon ya karɓa, ya kai hanci, ya ɗan kau da kai. "Ɗana, wannan ai na riga ne, ba na fuska ba."

Aka yi dariya, aka ce tsufa ne. Shi ma ya murmusa, ya kaɗa kumfa, ya yi aikinsa tsaf, ko ƙwarzane babu. Ango ya zuba ruwan kwalbar a tafin hannu ya shafa, ya ɗan ja iska ta haƙora saboda raɗaɗi, ya ce alamar yana aiki ke nan.

Ranar ba a ga komai ba. Ranar Juma'a ya je masallaci lafiya lau. Da dare ƙaiƙayi ya taso. Kafin asubahin Asabar, daga saje zuwa maƙogwaro fuskar ta tasa, ta yi duhu, ga wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa a jere kamar an yayyafa gero. Haka aka naɗa masa rawani, aka ja amawali har kan hanci, mutane suna ta yaba kunyar ango.

A cikin gida kuwa shari'a aka zauna. Gwaggo ta ce askar wanzami ce ba ta da tsabta. Wata ta ce baki ne, yaro ya yi kyau da yawa a idon mutane. Wani ya ce kifin da ya ci daren Juma'a ne ya tayar masa da borin jini. Babu wanda ya waiwayi gwangwanin nan, yana kan taga yana ta ƙamshinsa. Wa zai tuhumi abin da aka shafa tun shekaranjiya, aka kuma wanke shi nan take?

Abu uku, suna ɗaya

Duk abin da ya fito wa namiji bayan aski, ƙurajen aski muke ce masa. Amma in aka ware makero da sauran cututtukan da ake kwasa daga kilifa marar tsabta, abubuwa uku ne dabam-dabam suke ɓuya a ƙarƙashin wannan suna. Kowanne da sanadinsa, da lokacin fitowarsa, da maganinsa. Wanda bai bambanta su ba zai yi ta kashe kuɗi a kemis yana jifan gafiya a ramin kurege.

Na farko laifin gashi ne. Gashinmu a murɗe yake fitowa. In aka aske shi ƙwal, musamman in an ja fata an bi ta baibai, bakinsa kan yi tsini kamar ƙaya. Da ya fara tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar da ke kusa da shi, ko ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Jiki ya ɗauke shi tamkar sartse, ya tara masa kumburi. Waɗannan ƙuraje masu tauri ne, ɗai-ɗai, sun fi yawa a ƙarƙashin haɓa da wuya, kuma in ka duba da kyau za ka hango gashin kwance a cikin wasunsu. Sun fi addabar wanda aikinsa ya tilasta masa aski kullum: soja, ɗan sanda, jami'in kwastan da ke tsaye a Kwangwalam. Matsalar ta shahara tsakanin baƙaƙen fata a rundunar sojan Amurka, har ta kai likitocin soja suna rubuta wa mutum takardar izinin barin ɗan gemu. Danginsu ne ƙurajen ƙeya, waɗanda in aka yi sakaci suke haɗewa su zama tudun tabo da gashi ba ya sake fita a kai.

Na biyu ƙunar sabulu ce, kuma wannan kowa na iya samu. Duk matar da ta taɓa dama kunu ta san tsamiya da kanwa kishiyoyi ne, ɗaya tana kashe ɗaya. Masana suna da ma'aunin wannan, daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 ɓangaren tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Fatar mutum mai lafiya tana wajen 5, wato da ɗan tsami-tsami, kuma wannan tsamin tare da ɗan maiƙon da ke samanta su ne katangar da ke riƙe ruwa a ciki, ta hana ƙwayoyin cuta sakewa. Sabulu kuwa, da yake da mai da soda ko ruwan toka ake haɗa shi, yana kaiwa 9 zuwa 10. Yana wanke datti, yana kuma wanke katangar. Sai reza ta biyo baya, ita kuma ba gashi kaɗai take ɗauka ba, tana kankare saman fatar, ta bar ƙananan tsagu da ido ba ya gani. A kan wannan ɗanyen wuri ake zuba sifirit ko ruwan bayan aski. Raɗaɗin nan da samari ke cewa alamar aiki ce, kukan fata ne.

Ƙunar sabulu ba ta ɓata lokaci. Cikin mintuna ko 'yan sa'o'i za ka ji zafi, fuska ta ɗaure, daga baya ta yi furu-furu tana saɓa. A ƙasar Daura lokacin hunturu ne kakarta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke gangarowa daga Sahara ta riga ta tsotse fata, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Sabulun da mutum ya yi damina yana aski da shi lafiya, shi ne zai ƙona shi a watan Janairu, ya rasa abin da ya sauya. Hodar da ake kwaɓawa a shafa ta cinye gashi ba tare da reza ba ta fi sabulu ƙarfin kanwa nesa ba kusa ba. In ta wuce mintunan da aka rubuta a gwangwaninta, ƙuna take yi sosai.

Na uku shi ne ya kama angonmu, kuma shi ya fi wayo.

Gabar da ba a mantawa

Garkuwar jikin mutum kamar dogaran ƙofar fada take: tana duban duk mai shigowa, ta bar wanda ta sani, ta tare baƙon da ba ta yarda da shi ba. Sinadaran ƙamshi ƙanana ne ƙwarai, suna ratsa fata cikin sauƙi, balle fatar da reza ta buɗe musu ƙofa. A jikin yawancin mutane suna shiga su fita ba a tanka musu ba. Amma a jikin wasu, wata rana, bayan watanni ko shekaru ana shafawa, sai dogaran su ɗauki wani sinadari ɗaya a matsayin abokin gaba, su haddace kamanninsa. Ranar da aka ƙulla gabar ba a jin komai. Sai karo na gaba.

Ko a karo na gaban ma ba nan take ake fita yaƙi ba. Sai an aika saƙo, an tara runduna, sun taso sun iso wurin. Wannan kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Shi ya sa ƙanena ya yi aski ranar Alhamis, fuska ta tashi ranar Asabar, laifi ya faɗa kan kifin daren Juma'a. Alamarsa ƙaiƙayi ne mai hana barci, fiye da zafi, da kumburi, da ƙuraje masu ruwa, kuma yakan tsallake inda aka aske ya kai bayan kunne ko fatar ido, duk inda yatsa ya kai kumfa. Da aka zauna da shi daga baya aka bi diddigi, sai ya tuna cewa ya fi shekara gefen wuyansa yana masa ƙaiƙayi daidai inda yake fesa turare, yana ɗora laifin a kan zufa da wuyan riga. Ashe gabar tsohuwa ce, sabulun ango fili kawai ya ba ta.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wannan gaba in ta ƙullu, da wuya ta kwance. Ana warkar da kumburin, amma jiki ba ya mantawa. Maganin dindindin ɗaya ne: a gano sinadarin, a raba hanya da shi.

A fata mai duhu kuma ciwon yana da wani sharri na biyu. Littattafan likitanci da yawa da jan fata suke kwatanta shi, mu kuwa ba ja muke yi ba, wurin duhu yake ƙarawa ko ya yi toka-toka. Bayan ya lafa sai ya bar baƙin tabo da kan yi watanni. Daga nan ne wasu ke faɗawa hannun man bilicin, garin neman gira a rasa ido.

Me ke cikin gwangwanin?

Juya kwalin sabulu ka duba jerin abubuwan da aka haɗa. Ko daga Legas ya zo ta Kano, ko ta iyakar Nijar ya shigo da rubutun Faransanci, wajen ƙarshen jerin za ka ga kalma ɗaya, Parfum ko Fragrance. Kalma ɗaya ce a takarda, amma a bayanta ana iya samun sinadarai gommai, wani lokaci fiye da ɗari, waɗanda kamfani ke riƙewa a matsayin sirrin sana'a.

Da yawansu ba baƙi ba ne a gare mu. Eugenol shi ne ƙamshin kanumfari. Cinnamal na kirfa ne. Limonene yana cikin ɓawon lemo. Linalool da geraniol daga furanni da ganyaye ake samunsu. Saboda haka rubutun da ake yi a kwali cewa kayan daga tsirrai aka haɗa su ba kariya ba ce. Garkuwar jiki ba ta tambayar ko daga gona sinadari ya fito ko daga masana'anta. Wani abin lura kuma, limonene da linalool suna ƙara zama masu tayar da fata in sun daɗe suna shan iska. Gwangwanin da aka bari a buɗe kan taga, ko hajar da ta yi watanni a rana a teburin ɗan tireda, ta fi sabuwa haɗari.

Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan. Tun 1895 wani likita Bajamushe, Josef Jadassohn, ya fito da hanyar gwajin da ake bi har yau: a ɗiga sinadaran da ake zargi a ƙananan faifai, a manna a bayan mutum, a cire bayan kwana 2, a sake dubawa bayan wasu kwanaki a ga wanne ya tayar da fata. A 1977 wani likitan Amurka, Walter Larsen, ya tsara haɗin sinadaran ƙamshi da aka fi kamawa da laifi, domin a gwada su a tashi ɗaya. A 1994 aka buga wani bincike daga ƙasar Suwidin da ya nuna cewa mazan da ke aski da reza sun fi waɗanda ba sa amfani da ita kamuwa da wannan matsala kusan ninki uku. Masana a Turai sun ƙiyasta cewa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na jama'arsu jikinsu ya ƙulla gaba da wani sinadarin ƙamshi. Shi ya sa tun 2005 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni rubuta sunayen sinadarai 26 ɓaro-ɓaro a jikin kaya in sun wuce wani ɗan ƙaramin adadi, a 2023 kuma ta ƙara wasu 56. A nan gida, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa sabulu da kayan shafa rajista. Lambarta a kwali tana nuna kayan sun bi ta hannun hukuma, amma ba alkawari ba ne cewa za su jitu da kowace fata. Sabulun da ake yankawa a sayar tsirara, ba kwali ba suna, shi kam ko jerin da za a duba babu.

Inda kakanni suka ajiye ƙamshi

Kada wani ya ɗauka wannan babi yaƙi yake da turare. Bahaushe da ƙamshi ba a raba su. Sunna ce ranar Juma'a, ado ne ranar Sallah, martaba ce ga amarya. Bint El Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Ingila ya fito da shi a 1920, ya zama ɗan gida har a Kano ake ɗura shi. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Daura ranar hawan Sallar Gani ya san yadda ƙamshin almiski da turaren wuta ke tashi daga manyan riguna, ya gauraya da ƙurar dawaki.

Amma a lura da inda ƙamshin yake zaune. A riga yake, da rawani, da hula. Mace takan kifa kwando kan kaskon turaren wuta ta baza tufafi a kai, hayaƙi ya shiga zare. Wanzami kuma da ruwa yake jiƙa gashi, ya murza da yatsu har ya yi laushi, in ya ƙara wani abu to ɗan sabulu ne kaɗan. Tsakanin turare da sabuwar fatar da aka aske akwai ƙyalle, akwai kuma tazarar lokaci. Ba wai sun san sunan linalool ba ne, tsarin rayuwarsu ne ya raba biyun. Shagon aski na zamani shi ya haɗa su wuri guda: kilifa, reza a gyara baki, sifirit, hoda mai ƙamshi, man gashi mai ƙamshi, a rufe da feshin turare a wuya, duka cikin minti goma, a kan fatar da ba ta gama rufewa ba.

Wannan ba ya nufin duk abin gargajiya lafiya ne. Aska ɗaya a kan mutum goma hanya ce ta ciwon hanta, domin ƙwayar cutar nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini. Sabulun salo ma sabulu ne, yana da ƙarfin toka, wanda bai nuna da kyau ba yana ƙuna, kuma na kasuwa yanzu sau da yawa an zuba masa turare don ya ja mai saye.

Abin yi

In fuska ta tashi, a tsayar da komai: sabulun, ruwan bayan aski, turaren wuya, har askin kansa. A bar gemu ya huta mako uku zuwa huɗu, wanda hakan shi ne kuma babban maganin gashi mai komawa ciki. A riƙa wankewa da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa basilin fari marar ƙamshi ko man kaɗanya tsantsa. Kada a sa lemon tsami, ko man goge baki, ko ruwan batir, ko baƙin mai. Duk an gwada su a garuruwanmu, tabo kawai suka bari. A yi hattara da man nan na kemis mai magani uku a haɗe. Yana kwantar da kumburi da sauri saboda sinadarin sitiroyid da ke cikinsa, amma in aka daɗe ana shafa shi a fuska yana sirantar da fata, ya kawo wasu ƙurajen, kuma neomycin da ke cikin wasunsu shi kansa sananne ne wajen tayar da irin wannan gaba. Likita ne ya san wanda ya dace da fuska da kwanakin da za a yi. In akwai mugunya, ko zazzaɓi, ko kumburin ya kai ido, a nufi asibiti. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan ba ya jiran wayewar gari. Wanda abin ke yi masa dawo-dawo, ya nemi a tura shi wurin likitan fata a babban asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano.

Bayan an warke, sabon sabulu sai an yi masa tambaya kafin a kai shi fuska. A shafa kumfarsa a cikin lanƙwasar hannu, a wanke, safe da yamma, har mako guda. In wurin ya yi shiru, a gwada a haɓa. Wajen askin kuma a jiƙa gashi sosai, a bi yadda ya kwanta, kada a ja fata, kada a maimaita wuri ɗaya. Mai yawan ƙuraje gara ya bar reza ya koma kilifa, a bar ɗan tsiro. In ka je shago, faɗa wa mai aski tun kafin ya ɗaura maka ƙyalle cewa ba ka son feshi. Turarenka kuma fesa shi a jikin riga kafin ka saka, nesa da wuya.

Sabulu marar ƙamshi ba sai an je Turai ba. Duk gidan da aka taɓa zuwa Makka an san shi, domin mai harami ba ya taɓa turare, kuma shi maniyyata ke saye su sa a jaka kafin tashi. Abin da ya ceci ƙanena ke nan. Inna ce ta buɗe akwatinta ta ɗauko ragowar wanda ta dawo da shi daga aikin Hajji, fari fat, ba ado, ba ƙamshi, ta ce, "Ungo, gwada na alhazai." Da shi yake aski har yau.

Bayan shekara da 'yan watanni aka yi masa haihuwa. Ranar suna da sassafe wanzamin nan ya zo da zabirarsa. Gidan ya turnuƙe da turaren wuta, kowace riga tana tashin ƙamshi. Gwaggo, wadda ta taɓa tuhumar askarsa, ita ta riƙo jaririyar ta zauna a gabansa. Ya ɓare sabuwar reza, ya tsoma yatsu cikin ƙoƙon ruwan ɗumi, ya shafa kan a hankali. Ƙanena ya durƙusa kusa yana kallo.

Tsohon bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, ina gwangwanin nan naka? A kawo mu kaɗa mata kumfa mana."

"Haba Baba, a kan jaririya?"

"To, ashe ka sani. Haɓar da aka aske yanzu, ita ma kwananta bai kai bakwai ba."